Ciniki Ya Ƙaru, Kaya Sun Ragu: Nazarin Wani Kantin Kayan Masarufi a Kano, 2023 Zuwa 2025

Tambayar da wannan nazari ya sa a gaba ita ce ko yawan kuɗin da jama'a ke kashewa wajen sayayya yana nuna ainihin lafiyar tattalin arziki. An bi ta ne ta kan kanti guda ɗaya, na wani ɗan kasuwa da ke sayar da kayan masarufi a wata unguwa ta ma'aikata da masu ƙananan sana'o'i a birnin Kano, daga farkon 2023 zuwa ƙarshen 2025. An sakaya sunansa da na unguwar. Alƙaluman kantin daga littattafansa biyu suka fito, na ciniki da na bashi, an kuma mayar da su zuwa adadi mafi kusa domin sauƙin karatu. Alƙaluman ƙasa kuwa na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ne da Babban Bankin Najeriya, sai inda aka ambaci wani wuri dabam.

Asalin kantin da yadda ake tafiyar da shi

Mai kantin ya fara ne a matsayin yaron shago a Kasuwar Singa, har maigidansa ya sallame shi da jari, ya buɗe nasa a unguwarsu sama da shekara goma sha biyar da suka wuce. Yana sayar da shinkafa da taliya da sukari da fulawa da madara da man gyaɗa da sabulu da garin wanki da kayan ɗanɗano. Kusan rabin cinikinsa sari ne ga masu tebur da masu shayi da mata masu sayar da abinci, sauran kuma na magidanta ne: malaman makaranta, ma'aikatan gwamnati, teloli, da direbobin adaidaita sahu. Da yawa daga masu albashi suna karɓar kaya a rubuta, su biya idan wata ya ƙare.

Hanyar lissafinsa mai sauƙi ce. Bayan sallar isha'i yakan ƙirga kuɗin aljihun tebur, ya haɗa da abin da aka rubuta bashi a ranar, ya rubuta jimilla a layi ɗaya. Idan jimillar wannan wata ta fi ta wancan, kasuwa ta yi kyau ke nan, kuma a ganinsa mutanen unguwa suna cikin hali. Wajen sa farashi kuwa yakan dubi abin da ya sayi katan, ya ɗora 'yar riba a kai. Wannan tsari ya riƙe shi shekara da shekaru, ya yi aure da shi, ya sayi fili a bayan gari da niyyar gini. A watan Mayun 2023, wanda za a riƙa komawa gare shi a matsayin ma'auni, cinikin kantin ya kai kimanin naira miliyan 6, kuma kashi ɗaya cikin goma ne kawai na bashi.

Janairu zuwa Afrilu 2023: ƙarancin takardun kuɗi

A ranar 26 ga Oktoba 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sanya 31 ga Janairu 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, sannan aka ɗage zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin kuɗi suka koma banki, sababbin kuma ba su wadata ba. A watan Fabrairu cinikin kantin ya sauko zuwa rabi da ɗan ɗori. Mutum zai zo da albashinsa cif a asusu, ya tsaya gaban kanta yana ta gwada taransfa tana maƙalewa, daga ƙarshe ya ajiye kayan ya tafi. Mai kantin ya karɓi na'urar POS a wannan lokaci, kuma ta rage masa asara. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 3 ga Maris, wanda ya ba da damar ci gaba da amfani da tsofaffin takardun, kuɗi suka fara dawowa hannu, azumi da ƙaramar Sallah suka zo a kai, ciniki ya koma yadda yake.

Wahalar ta gaske ce, musamman ga manoma da 'yan tireda da ba su da asusun banki. Amma a cikin masu albashin da ke sayayya a kantin babu wanda aka rage wa ko kwabo a watannin nan. Hanyar biya ce ta toshe. Shi dai mai kantin abin da ya ɗauka daga lamarin shi ne layin nan nasa na dare bai taɓa yi masa ƙarya ba: da abubuwa suka lalace ya faɗi, da suka gyaru ya tashi.

Yuni zuwa Disamba 2023: ciniki ya hau, an buɗe kanti na biyu

A jawabinsa na kama mulki ranar 29 ga Mayu 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Cikin kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, a watan Yuli kuma ta wuce 600. A tsakiyar Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da take kusan naira 460 a hukumance ta haura 700. Juyin mulkin 26 ga Yuli a Jamhuriyar Nijar ya jawo rufe iyaka, abin da ya taɓa fataken Maraɗi da Damagaram da suka saba sari a kasuwannin Kano. Hauhawar farashi, wadda take kashi 22.41 cikin ɗari a watan Mayu, ta kai kashi 28.92 a Disamba.

A cikin wannan yanayi cinikin kantin bai faɗi ba, hawa ya yi ta yi wata bayan wata, har ya kai kimanin naira miliyan 8 a Disamba. Akwai kwanakin da ake layi a bakin kantin, domin duk wanda kuɗi ya shigo hannunsa yana gaggawar mayar da su buhu ko katan kafin gobe farashi ya ƙaru. Mai kantin yana jin koken jama'a kamar kowa, shi ma yana shan mai da tsada, amma ya fassara abin da ke gabansa da cewa mutane suna kuka ne da baki alhali aljihunsu na iya ɗauka, tun da ga shi suna saye fiye da da.

A kan wannan fahimta ya yanke shawarar faɗaɗa kasuwa. A watan Oktoba ya kama shago na biyu a wata unguwa, ya biya hayar shekara biyu gaba ɗaya, ya sayar da filin nan nasa ya zuba kuɗin a kaya. Bai je banki neman rance ba, saboda yana ƙyamar kuɗin ruwa. Maimakon haka ya karɓi ƙarin kaya bashi daga wani babban ɗan sari. Sharaɗin da ɗan sarin ya gindaya shi ne za a yi lissafi da farashin ranar biya, ba na ranar ɗauka ba, kuma a lokacin mai kantin bai ga wani abin damuwa a ciki ba.

Janairu zuwa Maris 2024: ƙidayar zakka

A watan Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500 a hukumance, a kasuwar bayan fage kuma ta doshi 1,900. A Singa farashi yakan canza tsakanin safe da la'asar, wasu 'yan sari ma ba sa faɗin kuɗin kaya sai sun buga waya. A farkon watan mata masu gurasa suka yi zanga-zanga a Kano kan tsadar fulawa, mutanen Minna suka tare hanya kan tsadar abinci, kuma afafata, wato tsakin shinkafar da a da ake sayar wa masu kiwon kifi, ta shiga tukunyar gidaje da dama. Babban Banki, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 22.75 a zama ɗaya.

Kantin farko ya yi cinikin kimanin naira miliyan 9 a watan Maris, mafi yawa a tarihinsa. Duk da haka mai kantin ya fara lura cewa in ya je sari, kuɗin da ya ɗauka ba sa cika motar da suka saba cikawa. Yaran shagon suka koyi jera kwalayen da babu komai a ciki a saman kanta, domin kada mai shigowa ya ga giɓi. Ya zargi yaran da ɗauke-ɗauke, har ya sallami ɗaya, wanda daga baya ya tabbata ba shi da laifi, ya je har gidansu ya ba iyayensa haƙuri.

Abin da ya tona asirin lamarin ƙidayar zakka ce. Al'adarsa ce ya ƙirga kayan kanti a cikin Ramadan, ya ƙiyasta kuɗinsu, ya haɗa da tsabar kuɗi da bashin da yake sa ran karɓa, ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Azumin 2024 ya kama a ranar 11 ga Maris, kuma a wannan karon ɗan wansa, wanda ke karatun akanta, shi ya riƙe masa biro. Yaron ya nemi takardar bara, ya ajiye ta gefen ta bana. A naira, kayan bana sun fi na bara nesa ba kusa ba. A ƙidayar buhu da katan kuwa, shaguna biyun a haɗe da kyar suka ɗara abin da shago ɗaya ya ƙunsa a bara, ga fili ya tafi, ga kuma bashin ɗan sari a wuya. Yaron ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, uwar kuɗin muke ci." Mai kantin ya ce masa ya sake ƙirgawa. Ya sake, lissafi bai canza ba.

Sun kwashe dare uku bayan tarawihi suna bin littattafan. Misalin da ya fi saurin shiga kan mai kantin shi ne na katan ɗari: idan an saro kowane a naira 10,000 aka sayar a 10,800, an tashi da naira 1,080,000, kuma littafi zai nuna ribar 80,000, amma idan aka koma kasuwa aka tarar katan ya zama 12,000, kuɗin nan gaba ɗaya katan 90 za su saya. An rubuta riba, an yi cefane da ita, alhali katan goma sun salwanta daga jari. Wannan ne ke faruwa a kowane zagaye tun watan Yuni.

Da suka ɗauki manyan kaya goma da kantin ya fi sayarwa, suka tarar farashinsu ya kusan ninkawa tsakanin Mayun 2023 da Maris 2024. Ciniki ya tashi daga miliyan 6 zuwa 9, wato ƙarin rabi, amma tun da farashi ninki biyu ya yi, yawan kayan da ke fita ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Littafin bashi ya ƙara dagula hoton: abin da ake rubutawa ya tashi daga ɗaya cikin goma na ciniki zuwa ɗaya cikin huɗu. Tsabar da ke shigowa a wata ta tashi ne kawai daga kimanin miliyan 5.4 zuwa miliyan 6.75, kuɗin da ba za su sayi ko kashi biyu cikin uku na kayan da tsabar bara ke saye ba.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a littafi, sai dai yaran shago sun san shi sarai, wato irin kayan da ake saye da kuma inda kuɗin ke fitowa. Mai sayen buhu ya koma rabin buhu, mai rabin buhu ya koma kwano, mai kwano ya koma gwangwani. Madarar gwangwani ta yi ƙura a kan kanta, ta leda ce ke tafiya. Kayan shayin yara da sabulun wanka mai ƙamshi sun kusan tsayawa cik, garin kwaki da sukarin ƙulli suka zama kan gaba. Game da kuɗin kuwa, wani ya sayar da akuyar matarsa, wani ya ɗauki adashi kafin lokacinsa, wata ta kai 'yan kunnenta na gwal kasuwa, wani malamin makaranta kuma ya faɗa da bakinsa cewa daga manhajar rance ta waya ya ciwo abin da ya biya. Duk waɗannan kuɗi sun shiga aljihun tebur, kuma layin dare ya ƙirga su daidai da kuɗin albashi.

Afrilu zuwa Agusta 2024: matakan da ba su yi aiki ba

Matakin farko da ya ɗauka shi ne ƙara riba a kan kowane kaya bai ɗaya. Cikin mako uku masu shayi da masu abinci, waɗanda ke lissafin kowace naira, suka fara haɗa kuɗin mota suna zuwa Singa da kansu. Ya janye.

Na biyu shi ne rufe littafin bashi gaba ɗaya, har aka liƙa takarda a ƙofa. Wannan ya fi na farko ɓarna, domin waɗanda ake bi tsohon bashi sun daina bi ta layin kwata-kwata, suka koma wani kanti da ɗan abin da ke hannunsu. Ya rasa sabon cinikinsu, tsohon kuɗin kuma ya maƙale. Ɗan wansa ya lura cewa wanda ake bi bashi yana biya ne saboda yana son a sake ba shi, kuma da zarar an rufe wannan ƙofa, an cire masa dalilin zuwa.

Na uku shi ne tara kaya. Ya ga waɗanda ke da kuɗi a ajiye suna sayen sukari da shinkafa su jira farashi ya tashi, sai ya ƙara karɓar kaya daga ɗan sarin nan domin ya yi haka. Farashin ya tashi kuwa, hauhawar ta kai kashi 34.19 a watan Yuni, ta abinci kuma kashi 40.87, amma tun da bashin nasa da farashin ranar biya ake lissafa shi, duk abin da kayan suka ƙara, bashin ma ya ƙara. Ɗan sarin ne ya ci ribar jiran, shi kuwa ya yi gadin kaya kyauta.

Ranar 1 ga Agusta aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa a faɗin ƙasa, ta rikiɗe zuwa tarzoma a Kano, gwamnatin jihar ta sa dokar hana fita. Shagunan biyu sun yi kwanaki a rufe, ba a taɓa ko ɗaya ba. Da aka buɗe, bai sake zuba kaya a na biyun ba. Ya kwaso abin da ya rage, ya sami wanda ya karɓi sauran hayar da ragi, ya kai kuɗin gaba ɗaya wa ɗan sarin.

Satumba 2024 zuwa Maris 2025: abin da ya tsayar da zubar jari

Gyaran ya fara ne daga littafi. Aka ja layi huɗu a kowane shafi: kuɗin da aka karɓa a hannu, abin da aka rubuta bashi, abin da aka biya na tsohon bashi, da yawan buhu da katan da suka fita daga manyan kaya goma. Kowace Juma'a ake ƙirga kayan da ke ƙasa, kuma jari ya koma ana faɗinsa da katan, ba da naira ba.

Farashi ya daina bin abin da aka saro kaya, ya koma bin abin da za a sake saro su. Kowace safiya sai an buga waya Singa kafin a buɗe ƙofa. Wannan ya jawo masa maganganu, domin mutane sun san tsohon kaya ne yake sayarwa a sabon farashi, kuma shi kansa sai da ya tambayi wani malami kafin zuciyarsa ta kwanta. Abin da ya wanke shi a idon unguwa shi ne ranar da farashi ya sauka a kasuwa, shi ma a ranar yake saukewa, ko da a tsada ya saro.

Ya kuma bi mutane zuwa inda ƙarfinsu ya tsaya. Ya sayi ma'auni da ƙananan ledoji, yara suna ƙulla sukari da man gyaɗa da garin wanki daidai kuɗin da ke hannun mai saye. Aikin ya fi yawa, amma ribar ƙulli ta fi ta buhu, kuma kuɗinsa a hannu ake biya. Kayan da ke daɗewa a kanta ya daina saro su. Bashi ya dawo da ƙa'ida: abinci kawai, na wata ɗaya kawai, kowa da iyakarsa, tsohon bashi kuma a riƙa rage shi kaɗan-kaɗan tare da sabo. A ƙarshe ya yanka wa gidansa kuɗin cefane na mako, ya daina sa hannu a aljihun tebur duk lokacin da buƙata ta taso.

A waɗannan watanni cinikin bai motsa daga kusan miliyan 9 ba, alhali litar fetur ta haura naira 1,000 a watan Oktoba, hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 a Disamba, kuɗin ruwan Babban Banki kuma ya kai kashi 27.5. Yawan kayan da ke fita ya sauka zuwa kusan kashi biyu cikin uku na Mayun 2023, mafi ƙanƙanta a tsawon nazarin. Sai dai ƙidayar Juma'a ta daina raguwa. Wani abu kuma ya bayyana a layi na uku na littafin, na biyan tsohon bashi. Shugaban ƙasa ya sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yuli, Jihar Kano ta amince da 71,000, kuma da ƙarin ya fara shiga asusun ma'aikata, yawancin masu sayayya a kantin ba ƙara cefane suka yi ba, tsohon bashi suka fara ragewa. Halin gidajen ya ɗan sassauta, amma wanda ke kallon jimillar ciniki kaɗai ba zai ga alamar haka ba.

Afrilu zuwa Nuwamba 2025: inda aka tsaya

A farkon 2025 Hukumar Ƙididdiga ta sabunta ma'aunin da take auna farashi da shi, adadin Janairu ya fito kashi 24.48, don haka ba a kwatanta shi kai tsaye da na Disamba. Daga baya ya sauko har ya kai kashi 18.02 a Satumba, watan da Babban Banki ya rage kuɗin ruwa zuwa kashi 27. Dala ta zauna a kusan naira 1,500, farashin hatsi kuma ya faɗi sosai bayan girbi da kuma sassaucin harajin shigo da abinci da gwamnati ta yi, har manoma suka koma kuka cewa abin da suka noma ba ya mayar da kuɗin taki.

A kantin, farashin manyan kaya goma ya dawo kusan inda yake a Maris 2024. Cinikin Nuwamba ya kai kimanin miliyan 10, yawan kayan da ke fita ya haura kashi huɗu cikin biyar na Mayun 2023, bashi ya sauko zuwa kusan ɗaya cikin takwas, kuma an gama biyan ɗan sari. Fili bai dawo ba, kuma kuɗin da aka sayar da shi yanzu ba za su sayi rabinsa a wurin ba.

Hukunci

Cikin shekara uku jimillar ciniki ta ɓatar da mai kantin sau uku. A Fabrairun 2023 ta faɗi alhali albashin masu sayensa bai ragu ba. Daga Yunin 2023 zuwa Maris 2024 ta yi ta hawa alhali suna cin ƙasa da abin da suka saba, suna biya da bashi da kadarorinsu. A ƙarshen 2024 kuma ta tsaya cik a daidai lokacin da gidaje suka fara sauke nauyin da ke kansu. Ba za a ce adadin ƙarya ne ba, domin kuɗin sun shiga aljihun tebur da gaske; abin da yake amsawa shi ne nawa aka kashe, ita kuwa lafiyar tattalin arziki tana rataye ne a kan nawa aka samu, me aka iya saye da shi, da kuma ko za a iya maimaitawa a wata mai zuwa. Adalci ne a tuna cewa layin nan na dare ya yi wa mai kantin aiki shekara goma sha biyar. A lokacin da farashi ke tafiya a hankali kuma mutane ke saye daga abin da suka samu, kashe kuɗi da samun kuɗi tare suke tafiya, kuma auna ɗaya ya wadatar. Kuskurensa shi ne ci gaba da dogaro da ma'aunin bayan sharuɗɗan da suka sa yake aiki sun gushe, kuma kuskuren ya ci masa fili.

Kanti ɗaya ba ƙasa ba ne, bai san komai game da ɗanyen mai ko masana'antu ko asusun ajiyar waje ba. Duk da haka irin wannan ruɗani yana nan a manyan alƙaluma. Harajin VAT, wato wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya, da aka tara ya tashi daga sama da naira tiriliyan 3 a 2023 zuwa sama da tiriliyan 6 a 2024, kuma an sha kawo shi a matsayin shaidar cewa kasuwa na motsi, alhali harajin kashi 7.5 ne na farashi, in farashi ya ninka shi ma zai ninka ko da ba a ƙara sayar da kwali ɗaya ba, ga kuma ɓangaren da ake karɓa kan kayan waje wanda faɗuwar naira ta kumbura. Tattalin arzikin ƙasar ya ƙaru da kashi 3.4 a 2024, yawanci daga bankuna da sadarwa, a shekarar da Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 129 na cikin talauci. Ko a Amurka, inda sayayyar jama'a ta kai kusan kashi biyu cikin uku na tattalin arziki, an ga haka kafin rikicin 2008: magidanta suna ta kashe kuɗi, amma rance ne suke ci a kan gidajensu, kuma da darajar gidajen ta faɗi sayayyar ta bi ta.

A ra'ayin mai wannan nazari, ba a karɓar adadin sayayya a matsayin shaida sai an cire masa tsadar farashi, an san ko daga samu ya fito ko daga bashi da sayar da kadara, an kuma duba abin da aka saya da shi. Na ukun ne ya fi wuyar samu a rahotannin hukuma, kuma shi ne ya fi sauƙin gani daga bayan kanta. Mai kantin yanzu madarar gwangwani yake sa wa ido, domin ya lura ita ce farkon abin da magidanci ke bari in ya shiga matsi, kuma ba ya komawa gare ta sai ya biya bashi ya ga saura a hannunsa. A Nuwamban 2025 abin da kantin ke sayarwa na madarar gwangwani a mako bai kai rabin na Mayun 2023 ba.